Dakon Tsofaffin Kwamfutoci Zuwa Damagaram

Tun da na dawo daga Damagaram ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. In na zauna a majalisarmu ta ƙofar gidan Alhaji Bala mai shanu, kafin in kai kofi baki sai wani ya ce, "Malam Sale, wai da gaske ne jandarma ya sa ka tsallen kwaɗo?" Wani ya ce a'a, shi abin da ya ji, sayar da kayan na yi na ci kilishi. Har akwai mai rantsuwa cewa aure na je nema aka koro ni. To na gaji. Na sayi littafi mai layi, zan rubuta yadda abin ya faru da hannuna, kowa ya karanta ya ƙyale ni. Aji uku na yi a firamare kafin babana ya ce bokon ya isa haka, don haka wanda ya ga harafi ya karkace ya miƙe shi da kansa.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina masinja a wani ofishi a nan Azare. Ba zan faɗi sunansa ba, waɗanda suka sani sun sani. A gabana aka kawo kwamfutocin nan sababbi cikin kwali. Ni nake goge musu ƙura kowace safiya, amma ban taɓa danna ko maɓalli ɗaya ba, don an ce mini in na taɓa, aikin gwamnati zai goge kuma ni za a kama. Da aka kawo 'yan sirara na zamani sai aka tura tsofaffin sito aka buga kwaɗo. Shekara da shekaru suna ciki ɓeraye na haihuwa a kansu. Ana saura wata guda in yi ritaya sabon shugaba ya ce a share sito, a zubar da tarkacen bayan katanga. Madam Rifkatu mai buga mana takardu, Allah ya saka mata, ita ta ce, "Baba Sale, kwashe abinka, ko jikoki sa yi wasa da su." Ta buga takarda cewa an ba ni, shugaba ya sa hannu ko karantawa bai yi ba.

Guda biyar na kwaso a amalanke. Kowace tana da kanta mai ƙatuwar ƙeya kamar talabijin ɗin da, sai wani akwatin ƙarfe da take zama a kai. Kawunan na jera a ɗakina na lulluɓe da tabarma. Akwatunan kuwa, da yake a sanina kujerunsu ne, na bar wa maiɗakina Asabe, ta ce za su yi mata amfani a tsakar gida. Ku riƙe wannan a ranku.

'Yata Rabi malama ce a makarantar jeka-ka-dawo a wani ƙauye bayan Itas. Tana da 'yan ajin ƙarshe goma sha huɗu da za su rubuta jarrabawar shiga jami'a, wadda yanzu sai a kwamfuta ake yi. Ku dubi wannan rashin imani. Yaro bai taɓa ganin kwamfuta ba sai a hoton littafi, a ɗauko shi daga ƙauye a zaunar da shi gabanta, a ce to bisimilla, agogo ya fara tafiya. Kamar a jefa mutum a kogin Jama'are da damina a ce jarrabawar iyo ce. Rabi ta zana musu maɓallan haruffa a bayan kwali, ta ɗaura wa guntun sabulu zare ta ce wannan shi ne linzami, abin da ake ja da hannu kibiya ta motsa a fuskar kwamfuta. Da sabulu ake shirin shiga jami'a a ƙasarmu.

A cikinsu akwai Hafsatu, wadda Rabi ta ce tun da ta fara koyarwa ba ta ga kai irin nata ba. Bara ta je jarrabawar. Da aka zaunar da ita sai tsoro ya kama ta, wai in ta taɓa za ta ɓata a kama ubanta. Har lokaci ya kusa ƙarewa ba ta taɓa komai ba. Ubanta, mai shagon cajin waya ne a ƙauyen, ya ce bana ce ta ƙarshe, in ta sake faɗuwa ta haƙura da zancen aikin jinya ta zo ta riƙe masa shago.

Na je suna a ƙauyen na ji wannan labari, jama'a cike a ƙofar gida, raina ya ɓaci. Sai na ji bakina yana cewa, "Ni nan ina da kwamfuta biyar a ɗaki. Kafin jarrabawa za su zo garin nan suna aiki." Aka yi ta sa mini albarka, liman har da shafa fatiha. Saura sati biyar. Baki shi ke yanka wuya.

Washegari na ɗora kai ɗaya a acaɓa na kai wa wani mai gyara a kasuwa, mutum da gemunsa da komai. Ko ɗago ido daga wayarsa bai yi sosai ba. Ya ce, "Baba, kai wa 'yan gwangwan." Na je wurin na biyu, shi ya fi ladabi, ya yi dariya tukuna sannan ya ce in kai wa 'yan gwangwan. Wallahi da ɗayansu ya ɗauki minti guda ya yi mini tambaya ɗaya tak, da ban sha wahalar da na sha ba. Amma tsoho ne da tsohon kaya, wa zai ɓata yawunsa?

Alhaji Bala ne ya ce a yawon cinikin shanunsa ya ga wani Malam Isufu a Damagaram wanda ba ya jefar da komai, kwamfutar da ta mutu tun kakanni yana tashinta. Ya ba ni lambarsa. Na kira, layi na yankewa, abin da na iya ji kawai shi ne, "Kawo su mu gani." Na naɗe kawunan biyar da tsofaffin zannuwan Asabe, na zura kowanne a buhu, na ce da tsohuwar zuma ake magani.

A tashar Azare direba ya ce a sama za a ɗaure su, kusa da wani rago. Na ce sai dai a ɗaure ni. Muka yi ta ja har 'yan kamasho suka shiga tsakani, aka tura uku a but, ɗaya a ƙarƙashin ƙafata, ɗaya a cinyata. Da muka iso Itas na sunkuyar da kai na rufe fuska da hula, don kar wani ya gan ni ya kai wa Rabi labari. So nake ta gan su kwatsam suna aiki. Da na sauka na minti goma ta leƙa buhunan nan, da labarin ya ƙare a Itas. Girman kai rawanin tsiya.

A Haɗeja muka sake mota. Sabon direban, da ya ji ni ɗan Azare ne za ni Damagaram, ya ɗaga buhu ɗaya ya ji nauyi ya ce, "Baguddire, duwatsun garinku kake kai wa Faransa?" Na ce masa ilimi ne a ciki, shi ya sa ya yi masa nauyi, bai saba ɗauka ba. Wata tsohuwa a bayana ta yi ta dariya har ta ba ni goro. Muka bi ta Gumel, zafi kamar ana gasa mutum, kan da ke cinyata ya kashe mini ƙafar dama tun daga Malam Madori. Da muka sauka a Maigatari sai da aka riƙe ni kamar amarya.

Jajiberin kasuwa ne, garin ya cika da fatake. Na kwana a zauren wani dillalin shanu abokin Alhaji Bala, mu fi ashirin, kowa da warin dabbarsa. Da asuba na tarar wani Buzu ya jawo buhuna ɗaya ya ɗora tukunyar shayinsa a kai. Na yi tsalle na ce, "Kai, kwamfuta ce!" Ya dube ni ta cikin rawani, ya dubi buhun, ya zuba shayi ya miƙo mini. Na sha, don shayin ba shi da laifi.

A bakin iyaka na wajenmu suka karanta takardar Madam Rifkatu, suka leƙa buhu ɗaya. Babbansu ya ce, "Baba, mutane na shigo da sababbi, kai kana fita da gawa?" Na ce jana'iza za ni. Suka ce in gaida masu makoki.

Na wancan ɓangaren kuwa ba su san wasa ba. Mu a nan in ka ga mai kaki sai ka fara da ranka ya daɗe, ya aiki, ya iyali, ya zafi, kafin ka kai ga zafi ya gaji ya ce wuce. Na jero wa jandarman nan gaisuwa tun daga kansa har kakanninsa, yana tsaye kamar turke. Da na gama ya miƙo hannu ya ce, "Kardante." Wani fasinja ya raɗa mini wai katin shaida yake nufi. Na ba shi. Ya duba hoton, ya dube ni, ya sake duba hoton, kamar akwai wanda zai ari irin wannan fuska. Sannan ya ce a sauke buhunan duka, a kwance kowanne. Na jera kawuna biyar a rana, zannuwan Asabe na kaɗawa a gaban hukumar wata ƙasa. Tsugunon da na yi ina kwance igiya shi ne aka mayar tsallen kwaɗo a majalisa, ku ji tsoron Allah.

Ya ce, "Tsoho, mi za ka yi da su?"

Na ba shi labarin yaran, da sabulu, da Hafsatu. Ya saurara har ƙarshe, wannan kam na yaba masa. Sai ya zagaya kawunan, ya ɗaga buhunan ya girgiza, ya leƙa cikin mota.

Ya ce, "Ina sauran?"

Na ce, "Biyar ne, ranka ya daɗe, ga su biyar."

Ya daɗe yana kallona. Ya juya ya yi wa abokinsa wata magana da Faransanci, abokin ya ba mu baya kafaɗunsa na rawa. Sannan ya miƙo mini katina ya ce, "Allah shi kiyaye hanya." Shi ma ya sani! Mutum na uku ke nan da ya gani da idonsa ya bar ni na wuce. Har yau in na tuna sai in ji goro ya yi mini ɗaci.

Daga nan zuwa Dungas a bayan akori-kura muka tafi, mu da buhunan gero da awaki. Sau biyu mota na kafewa a rairayi muna sauka muna turi. A turi na biyu, da muka koma, wani ƙaton mai sayar da fata ya nemi wurin zama ya samu buhuna. Na ji ƙas! kamar an fasa tulu. Na buɗe, fuskar ta tsage daga sama har ƙasa. Na tashi da masifa irin tamu, ina jiran mota ta rabu biyu, wasu su bi bayana wasu su bi bayansa, a yi ta har a gaji. Ina! Mutanen nan ba wanda ya ɗaga murya. Wani dattijo ya ce, "Ƙaddara ta." Ƙaton ya ce, "Ka yi haƙuri, baba," ya miƙo mini cuku. Faɗa ba abokin yi ba ya daɗi. Na karɓi cukun na zauna ina huci ni kaɗai har Magarya.

Mun shiga Damagaram rana tsaka, na tarar da gari a rufe. Shaguna a kulle, ofisoshi a kulle, na zaci wani babba ne ya rasu. Ɗan kabu-kabu, wato ɗan acaɓarsu, ya ce a'a, hutun rana ne, sai la'asar ta gabato a buɗe. Gari guda ya kwanta barci da izinin hukuma! Mu a ofishinmu ma ana yi, amma a ɓoye, a kan tebur. Na zauna ƙofar shagon Malam Isufu da buhuna huɗu, na sayi burodinsu dogo kamar sandar makiyayi, mai ɓawon da ya kusa tafiya da sauran haƙorana.

Malam Isufu ya iso a kan keke, siriri ne, ba zai wuce arba'in ba, da tabarau ɗaure da zare. Ya gaishe ni da ladabi, ya shigar da buhunan da kansa, ya kwance. Ya shafa ƙeyar ɗaya kamar mai duba doki, ya ce irin wannan ba sa mutuwa da wuri. Raina ya yi fari. Sai ya ce, "To baba, ina akwatunan?"

Na ce, "Waɗanne?"

Ya ce, "Waɗanda kawunan suke zama a kai."

Na ce, "Au, kujerun? Suna gida. Wa zai yi dakon kujera daga Azare? In an gyara ai ko a tebur sa zauna."

Ya cire tabarau ya goge. Ya jawo wani akwati irin nawa daga ƙarƙashin tebur ya buɗe murfin, ya ce in leƙa. Na ga wayoyi da 'yar fanka da wani faranti kore mai ƙananan abubuwa kamar gari aka zana. Ya ce, "Baba, wannan ita ce kwamfutar. Nan take tunani, nan take ajiya. Abin da ka kawo fuska ce kawai, abin da akwati ya faɗa mata shi take nunawa."

Shekara da shekaru ina goge abu ban san ina kansa yake ba. Manya masu digiri sun wuce ni sau dubu ina goge-gogen nan, ba wanda ya taɓa cewa, Sale, zo ka ga yadda abin nan yake. Aikena kawai suka sani, kawo fayil, sayo ƙosai. Na ji kunya, amma haushin ya fi kunyar.

Na kira Asabe, na ce maza ta duba mini akwatunan nan, ko za a iya sako su a mota.

Ta ce, "Waɗanne? Na ƙarfen? Ɗaya dai randa ke kai. Biyu na haɗa na ɗora allo ina wanke-wanke."

Na ce, "Ruwa na taɓa su?"

Ta ce, "Malam, wanke-wanke fa na ce."

Na ce, "Sauran biyun fa?"

Ta ce, "Ɗaya ai kai ka kwashe tarkacen cikinsa da hannunka ka ce kaza ta samu ɗaki, yanzu haka tana kwance a kan ƙwai tara, kuma ba mai tashinta. Ɗayan na ba Ladi maƙwabciya tana ɗora murhu. Wai lafiya?"

Na ce lafiya lau, na kashe waya. Malam Isufu yana jin komai, don wayata ba ta iya sirri ba. Bai yi dariya ba. Na fi son a ce ya yi.

Na ce, "Na yi alkawari gaban liman." Na ba shi labarin Hafsatu. Da na gama ya ce in taso in ga wani abu. Ya buɗe ɗakin baya. Akwatuna ne jibge har rufi, sun fi talatin, ba fuska ko ɗaya. Ya ce ofisoshi da 'yan kasuwa suna kawo masa su, amma fuskokin nan masu gilashi kafin su iso hanya ta fasa su, shi abin da ya rasa ke nan. Ya ce, "Kai kana da kai ba jiki, ni ina da jiki ba kai. Bar mini biyu, in haɗa maka biyu." Da ba don gemu ba da na rungume shi.

Kwana uku na yi a gidansa, a zaure. Mahaifiyarsa Babarbariya ce, da ta ji uwata Bafillatana ce shi ke nan na shiga uku. Kowace safiya sai ta leƙo ta ce, "Ina bawan nan nawa da ya kawo kai ya manta jiki? Haka Fulani suke, a sayar da saniya a dawo da igiya." Na ce mata da Barebari na da wayo da ba su bari an yi musu zane a fuska kamar kabewa ba. Ta ce a hana ni abinci, sannan ta aiko da dambu da zogale da man gyaɗa, kwano cike, da fura mai kauri wadda ludayi ke tsayawa a ciki. Shayinsu kuwa sau uku ake zubawa, in ka tashi bayan na farko ka yi rashin kunya, in ka jira na uku rabin yini ya tafi.

A kwanakin nan na ga abin da ya ƙara mini haushin gida. Ya kai ni wata lakwal, haka suke kiran makaranta, inda ya ajiye tsohon akwati guda da ya fi nawa tsufa, ya cika shi da littattafai da darussa, yara na karantawa ba sai da intanet ba. Na tsaya ina kallon wata 'yar mitsitsiya tana jan linzami kamar da shi aka haife ta, sa'ar jikata. A shagon wani tela akwai wata kwamfutar, ba abin da take yi sai nuna zanen aikin wuya, wanda ya kawo ɗinki ya zaɓa. Waɗanda suka mutu murus ma bai bar su ba, yana ciro 'yan fankokinsu ya sa a akwatin ƙyanƙyasar ƙwai. Da na ga wannan na ce ashe ni da kazata ba mu yi nisa da ilimi ba sosai. Ƙasar da muke cewa mun fi ta arziki ke nan. Mu namu mun kulle a ɗaki har ɓera ya gaji, yaranmu na jan sabulu.

Aikin bai tafi sumul ba. Da ya haɗa ta farko ta kawo haske, sai ga ta tana Faransanci, maɓallan haruffan ma ba a jere suke irin namu ba. Ya ce in yara suka saba da wannan, ranar jarrabawa za su rikice. Yini guda ya yi yana juya mata harshe zuwa Turanci, ya zagaya gari a keke har ya samo maɓallai irin na wajenmu guda biyu. Dole na kira Rabi na faɗa mata inda nake, don ta turo tambayoyin gwaji ta waya ya zuba a ciki. Ta ce, "Baba, Damagaram? Da me ka tafi?" Na ce layi ba kyau. Cikin fuskokin huɗu ɗaya komai kore take nunawa, ya riƙe ta da wata, ya ba ni masu kyau biyun. A tsakanin aiki ya zaunar da ni ya koya mini jan linzami, har na kai ina buɗe tambaya ina zaɓar amsa. Duk na faɗi, amma da hannuna na faɗi.

Ranar da zan taho ya ce, "Akwai kuran a garin?" Wuta yake nufi. Sai a lokacin na tuna. Ƙauyen da ko turken wuta babu! Na sake kiran Rabi, ta je ta sami uban Hafsatu, da ƙyar ya yarda zai ba da injinsa na caji awa biyu kullum bayan la'asar.

A dawowa akwatunan ne a cinyata, na rungume su kamar tagwaye. Jandarman nan yana nan. Ya leƙa, ya ga akwatuna biyu, ya ce, "To, yanzu ka cika." Na ƙara rungume akwatunana muka wuce.

Na isa ƙauyen saura kwana ashirin da huɗu. Aka jera su a tebur a aji, aka ja waya daga inji, na haɗa igiyoyin yadda Malam Isufu ya shafa musu fenti kala-kala don kar in ɓata. Suka kawo haske. Rabin gari na leƙe ta taga. Rabi ta ce, "To, wa zai fara?" Yara goma sha huɗu suka manne da bango. Mazan da ke cika baki a waje kowa na tura ɗan'uwansa. Hafsatu na can ƙarshe, ta cusa hannuwanta cikin hijabi. Rabi ta kira ta da suna, ta girgiza kai, idonta ya kawo ruwa. Inji na ta cin mai, ubanta na tsaye a ƙofa yana duba agogo.

Na ce, "Ku matsa, 'yan ƙauye, ku ga yadda ake yi a ƙasar waje."

Na zauna na gyara hula. Na ɗauki linzami na ɗaga shi sama, na auna fuskar kwamfuta ina dannawa kamar mai canza tashar talabijin. Ba abin da ya motsa. Na kara shi a kunne na ce, "Alo?" Wani ya tuntsire a taga. Na manna shi a jikin gilashin ina gogawa.

Daga can baya na ji an ce, "Baba, ƙasa ake ajiyewa."

Na ce, "Ƙasa? To." Na sunkuya na ajiye shi a daɓe, na cire takalmi, na ɗaga ƙafa zan taka shi kamar keken ɗinki.

Ban san lokacin da Hafsatu ta ratso aji ba. Sai ji na yi an fizge shi daga ƙarƙashin ƙafata. "Kai Baba, za ka fasa! A tebur, ga yadda Malama ta ce." Ta ɗora shi a tebur ta ja. Kibiya ta motsa. Ta tsaya cak, ta dubi hannunta, ta sake ja, kibiya ta bi ta. Na zame daga kujerar a hankali, ita ko lura ba ta yi ba ta zauna. Tambayar farko ta fito, ta karanta, ta danna. Kafin inji ya mutu ana faɗa a kan layi, sai da Rabi ta rubuta sunaye.

Rabi ta raka ni bakin hanya ta ce, "Baba, da gangan ka yi ko?" Na ce ta tambayi uwarta ko na taɓa yin wauta ba da gangan ba.

Ranar jarrabawa a nan Azare aka kawo yaran. Na je na zauna a gindin wata bishiya daura da ƙofar wurin jarrabawar, na sayi rake na ajiye, na ce sai sun fito zan sha. Sakamako bai fito ba har yanzu da nake rubutun nan, don haka kar wanda ya tambaye ni, na Allah ne. Hafsatu ce ta fito ta huɗu ko ta biyar. Na ce, "Yaya?"

Ta ce, "Baba, na kai ƙarshe. Har na koma na duba."

Na ce alhamdu lillahi, na ɗauko rakena. Amma ba ta tafi ba, ta tsaya tana murza bakin hijabi.

Ta ce, "Wata yarinya ce a kusa da ni. Tun da aka fara ta sa hannu a cinya tana kallon abin, hawaye na zuba. Na so in kama hannunta in ɗora mata a kai, sau ɗaya kawai, amma mai tsaro na kallo, an ce wanda ya juya an kore shi."

Na ce, "'Yar wane gari ce?"

Ta ce, "Ban sani ba, Baba. Har na fito tana zaune."

Raken nan a hannuna ya dawo gida.